Yadda ake juya awon bolt daga tsohon lissafi zuwa na zamani

A shagon kawuna da ke Agege, nan kusa da layin dogo, akwai wani littafin rubutu mai baƙin bango wanda man inji da gumin hannu suka rine masa gefe. Sana'ar kawu naɗin kwayil ce: taransifoma, sitabilaiza, injin walda, duk abin da wuta ta ƙone aka kawo masa. Kowane lissafi zai yi, wannan littafin yake buɗewa. A shafin farko an rubuta da jan biro:

E = 4.44 × f × N × B × A × 10⁻⁸

Wata rana ina riƙe masa waya yana naɗi, na ce, "Kawu, wannan goman ta ƙarshe mai takwas a kanta, daga ina ta fito?" Bai ɗago ba, don mai ƙirga zagaye ba ya amsa tambaya. Sai da ya cika ɗari ya ja layi da alli a jikin benci, sannan ya ce, "Haka maigidana ya ba ni ita, ɗana. Ka cire ta, lissafi ya watse. Ka bar ta, aiki ya yi kyau."

Gaskiya ya faɗa, amma ban gane dalilin ba sai da na shiga karatun lantarki a Yaba. Ashe wannan lambar canji ce, irin wanda 'yan canji ke yi tsakanin kuɗin wata ƙasa da naira. Duk sauran lissafin yana fitar da amsarsa ne da wani tsohon awo da ake kira abbolt, ita kuwa 10⁻⁸ aikinta ta mayar da shi bolt ɗin da mita ke nunawa. Tsohon awon da ake cewa ya mutu yana nan da ransa a kan bencin masu sana'a, yana kuma cikin tsofaffin littattafan kimiyya da ɗalibanmu ke saye da araha a bakin titin Yaba da Ojuelegba. Na sha ganin ɗalibi ya yi lissafi daidai tun daga farko har ƙarshe, amma amsarsa ta kauce sau 300, don kawai bai san da wane awo littafin ke magana ba. Wannan ya sa na zauna na rubuta yadda ake yi.

Fara da sanin abin da ake aunawa

Abin da ke gudu a cikin waya da amfiya ake auna shi. Bolt kuwa awon turi ne, wato yawan aikin da za a yi kafin a kai cajin lantarki daga wani wuri zuwa wani. Duk wanda ya zauna a Idi-Araba ko Obalende ya san mai ruwa ba ya karɓar kuɗi ɗaya a hawan ƙasa da hawa na uku, ko da jarka ɗaya ce. Ruwan jarkar shi ne caji, wahalar hawan ita ce aiki, tsayin benen kuma shi ne bolt. A awon zamani, wanda ake kira SI, ana auna aiki da jul, caji da kulom, don haka bolt 1 daidai yake da jul 1 a raba da kulom 1.

Ka riƙe wannan da kyau, domin ko ka manta duk lambobin da za su zo a ƙasa, daga nan za ka iya sake fito da su.

Mutanen da kuwa da santimita da giram da daƙiƙa suke awo, tsarin da ake taƙaitawa da CGS. Tushensa aikin masanin lissafi Gauss ne a Jamus a 1832, lokacin da ya auna ƙarfin maganaɗisun ƙasa da tsawo da nauyi da lokaci kaɗai. Ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, wadda Maxwell da Thomson ke cikin kwamitocinta, ta rungumi santimita da giram da daƙiƙa a 1874. A wannan tsari awon aiki shi ne erg, kuma erg 1 ɗan mitsitsi ne, 10⁻⁷ na jul, ɗaya bisa miliyan goma. Har nan ba matsala. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen caji, domin hanya biyu suka bi suka fitar da awonsa, kuma hanyoyin ba su haɗu ba.

Hanya ta farko daga caji mai zaman wuri ɗaya ta fito, irin wanda ke sa mataji ya ɗauki guntun takarda. Suka ce cajin da zai ture ɗan'uwansa mai girma ɗaya da ƙarfin dayin 1 (dayin shi ne awon ƙarfi a tsarin CGS), idan tsakaninsu santimita 1 ne, shi ne awo ɗaya. Sunansa istatkulom, wasu na ce masa faranklin. Bolt ɗin wannan gida shi ne istatbolt. Hanya ta biyu daga maganaɗisun da wuta mai gudu ke haifarwa ta fito, ta ba da abamfiya da abkulom, bolt ɗinta kuma abbolt. Arthur Kennelly ne ya kawo shawarar sa "ab" a gaban sunayen a 1903.

Mataki na farko: gane wane gida littafin yake

Kada ka taɓa kalkuleta kafin ka yi wannan. Yawancin kuskure a nan ake yin sa.

Idan ka ga e.s.u. (taƙaitaccen sunan awon gidan istat) ko statV a bayan lamba, istatbolt ne. Idan ka ga e.m.u. (na gidan ab) ko abV, abbolt ne. Tsofaffin littattafai da yawa ba sa ba awon suna, sai dai su ce awo kaza na e.s.u., su bar ka da sanin cewa turin lantarki ake nufi ba caji ba. A irin wannan ka karanta jimlar gaba ɗaya, domin e.s.u. ɗaya na caji da e.s.u. ɗaya na turi lambobin canjinsu sun sha bamban ƙwarai.

Idan marubucin bai rubuta komai ba, ƙa'idojinsa za su tona shi. Duba inda ya rubuta ƙarfin da ke tsakanin caji biyu. In ya rubuta F = q₁q₂/r² tsirara, ba 4πε₀ a ƙasa, to da istat yake aiki. In kana ganin harafin c na saurin haske yana leƙowa cikin ƙa'idojin maganaɗisu, wannan tsarin Gauss ne, wanda ya haɗa gidajen biyu: yana auna abubuwan lantarki da istat, na maganaɗisu kuma da gaus (awon ƙarfin maganaɗisu) da makswel (awon yawan layukansa). A tsarin Gauss turin lantarki kullum istatbolt ne. In kuwa littafin injiniyoyi ne mai maganar inji da taransifoma, ana ambaton gaus da layukan maganaɗisu, kuma 10⁻⁸ na rataye a ƙarshen ƙa'ida, marubucin ya riga ya yi maka canjin daga abbolt, kada ka sake yi.

Shekarar bugu tana taimakawa. A 1960 aka tabbatar da tsarin SI, don haka duk littafin da ya girmi wannan shekara ka sa masa ido. Amma kada ka dogara da shekara kaɗai, har yau masu nazarin taurari da wasu masana kimiyyar lissafi da tsarin Gauss suke rubutu.

Mataki na biyu: lambobi biyu, da inda suka fito

Abbolt 1 = 10⁻⁸ na bolt, wato 0.00000001

Istatbolt 1 = bolt 299.792458

Su ke nan. Amma ban yarda da hadda ba tare da fahimta ba a wannan fage, don wanda ya haddace kawai, ranar da ya rikice ba shi da abin kamawa.

Ɗauki abbolt. Abamfiya 1 amfiya 10 ce, saboda haka abkulom 1 kulom 10 ne. Abbolt shi ne erg a raba da abkulom: 10⁻⁷ a raba da 10, ya ba da 10⁻⁸. A tarihi ma daga abbolt aka yanko bolt ɗin kansa. Abbolt ya yi ƙanƙanta ga masu aikin wayar tangarahu, sai aka dunƙule guda miliyan 100 aka mai da su awo ɗaya, wanda ya zo kusa da ƙarfin batirin Daniell da suke amfani da shi, mai ba da kamar bolt 1.1. Taron masana lantarki na duniya da aka yi a Paris a 1881 ya amince da shi, da sunan Alessandro Volta, Ba'italiyen da ya ƙera batir na farko a 1800. Shi ya sa lambar ta fito sumul ba ɓurɓushi.

Na istatbolt kuwa da ɓurɓushinsa, kuma duk wanda ya yi kimiyya a sakandare zai ji kamar ya san lambar. Saurin haske ne: mita 299,792,458 a daƙiƙa ɗaya. Istatkulom 1 daidai yake da kulom 10 a raba da saurin haske a santimita, wato 10 a raba da 29,979,245,800, ya ba da 3.33564 × 10⁻¹⁰ na kulom. Raba erg da wannan: 10⁻⁷ a raba da 3.33564 × 10⁻¹⁰, ka sami 299.79.

Wannan wurin yana burge ni duk lokacin da na zo kansa. A 1856 wasu masana biyu na Jamus, Weber da Kohlrausch, suka auna caji guda da hanyoyin nan biyu, suka raba ɗaya da ɗaya, sai ga lamba kusan 3.1 × 10¹⁰ santimita a daƙiƙa. Ba fitila suka auna ba, ba rana ba, kwalbar tara caji ce da allurar maganaɗisu a kan tebur, amma abin da ya fito saurin haske ne. Da Maxwell ya ga haka bayan 'yan shekaru, ya kai ga cewa haske kansa igiyar lantarki da maganaɗisu ne. Wato wannan 299.79 da ɗalibi ke dannawa a kalkuleta yana ƙorafi, ɗaya ce daga manyan abubuwan da ɗan Adam ya gano. Tun 1983 kuma aka tsayar da saurin haske a wannan adadi cif, da shi ake fassara mita ta awon tsawo.

Daga nan lamba ta uku ta fito da kanta: istatbolt 1 = abbolt 29,979,245,800, kusan 3 × 10¹⁰.

Mataki na uku: ninkawa ko rabawa

Daga istatbolt zuwa bolt, ninka da 299.792458. Daga bolt zuwa istatbolt, raba da ita, ko ka ninka da 0.00333564. Daga abbolt zuwa bolt, raba da 100,000,000. Daga bolt zuwa abbolt, ninka da ita. Tsakanin istatbolt da abbolt, shawarata ka bi ta bolt, ka yi tsalle biyu, ya fi ka yi tsalle ɗaya mai sifili goma ka ɓatar da guda a hanya.

Wanda ya rikice ko ninkawa zai yi ko rabawa, ya tuna da kasuwa. Istatbolt buhu ne, bolt mudu, abbolt kuma ƙwayar gero. In ka juye buhu zuwa mudu, adadi ƙaruwa yake. In ka tara ƙwayoyi zuwa mudu, adadi raguwa yake. Amsarka ta saɓa wa haka, ka juya lissafin.

Gwada da abin da ka sani. Wutar soket a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Raba da 299.79, ka sami istatbolt 0.767, ko ɗaya bai cika ba. Layin bolt 11,000 da ke shiga taransifomar unguwa istatbolt 36.7 ne, na 33,000 kuma 110. Manyan layukan bolt 330,000, irin waɗanda ke fitowa daga tashar Egbin ta wajen Ikorodu, istatbolt 1,100.8 ne kacal. Batirin mota mai bolt 12 istatbolt 0.04 ne, amma abbolt 1,200,000,000. Batirin tocila mai 1.5 abbolt miliyan 150 ne.

Yanzu ta ɗaya ɓangaren. Tsohon littafi ya ce an caja wata ƙwallon ƙarfe har turinta ya kai e.s.u. 50. Ninka: 50 × 299.79 = 14,990, kusan bolt 15,000. Ɗalibin da ya karanta 50 ya ɗauka abin wasa ne, ai ka ga ya yi nisa da gaskiya. Wani littafin kuma ya ce wayar auna zafi tana ba da e.m.u. 4,100 a kowane digiri. Raba da miliyan 100, ka sami 0.000041, wato maikirobolt 41. Dabara mai sauƙi a nan: maikirobolt 1 abbolt 100 ne, milibolt 1 kuma abbolt 100,000.

A yi amfani da 300 a madadin 299.792458? A shago da lissafin ka, ƙwarai kuwa, tsofaffin ma haka suke yi. Kuskuren bai kai kashi 0.07 cikin 100 ba, kuma mitar da ke hannun yawancinmu ba ta iya ganinsa. A takardar jarrabawa ko rahoton ɗakin gwaji, yi da cikakkiyar lambar, ka taƙaita a ƙarshe.

Idan awon yana tafe da santimita

Sau da yawa abin da littafi zai ba ka turi ne a kan tsawo, istatbolt a kowace santimita. Nan canji biyu ne, kuma ɗalibai kan yi na farko su manta na biyu. Istatbolt 1 a santimita bolt 299.79 ne a santimita, mita kuma santimita 100 ce, saboda haka bolt 29,979 ne a mita, a ce 30,000.

Akwai ma'auni da nake gwada amsa da shi. Busasshiyar iska tana fashewa ta ba wuta hanya idan turi ya kai kamar bolt 30,000 a santimita, wato istatbolt 100 a santimita. Ƙwallon can mai bolt 15,000, tartsatsinta zai tsallake kamar rabin santimita ke nan, abin da ido ke iya gani a ɗakin gwaji. In lissafinka ya nuna iska tana ɗauke da dubunnan istatbolt a santimita ba tare da tartsatsi ba, koma ka duba.

Mataki na huɗu: kada ka zuba sabon awo a tsohuwar ƙa'ida

Juya mita zuwa ƙafa ba ya canza ƙa'idar lissafi. A lantarki kuwa ƙa'idar kanta tana canza kama daga tsari zuwa tsari, wannan ne ya sa abin ya fi canjin inci da santimita wuya. Dokar da nake ba ɗalibai ita ce: ko dai ka gama lissafin gaba ɗaya a tsohon gida sannan ka juya amsar, ko ka juya duk lambobin tun farko ka yi aiki da ƙa'idar SI. Ba a raba ƙafa.

Ga misali. Cajin istatkulom 10, ana neman turinsa a nisan santimita 2. Tsohuwar ƙa'ida V = q/r ce, 10 a raba da 2, istatbolt 5. Juya: 5 × 299.79 = bolt 1,499. Yanzu bi ta SI. Cajin ya zama 3.33564 × 10⁻⁹ na kulom, nisan ya zama 0.02 na mita, ƙa'idar kuma ta sami ƙarin lamba a gaba, 8.98755 × 10⁹. Ninka ta da cajin ka sami 29.98, raba da 0.02, bolt 1,499. Hanya biyu, masauki ɗaya. Wanda ya zuba kulom da mita cikin q/r tsirara, amsarsa za ta kauce kusan sau biliyan 9.

Misali na biyu ya taɓa dukkan gidajen uku. Waya mai tsawon santimita 20 tana ratsa maganaɗisu mai ƙarfin gaus 5,000 da saurin santimita 300 a daƙiƙa. A gidan e.m.u. ninkawa kawai ake yi: 5,000 × 20 × 300 = abbolt 30,000,000, wato bolt 0.3. A tsarin Gauss sai an raba wannan da saurin haske, 3 × 10¹⁰, ya ba da istatbolt 0.001, a ninka da 300, bolt 0.3. A SI kuma da tesla ake auna ƙarfin maganaɗisu, gaus 10,000 ne tesla 1, don haka 0.5 × 0.2 × 3, bolt 0.3. Duk lokacin da lissafi ya yi maka nauyi, yi shi ta hanya biyu haka. Minti biyu ne.

Sai a kiyaye da wani suna mai ruɗi, elektaronbolt, wanda ake rubutawa eV. Duk da bolt ɗin da ke cikin sunansa, awon aiki ne: 1.602 × 10⁻¹⁹ na jul, ko 1.602 × 10⁻¹² na erg. Ba a juya shi da 300.

Komawa bencin kawu

Yanzu ƙa'idar shafin farko za ta buɗe. A cikinta f yawan kaɗawar wuta ne a daƙiƙa, wanda a Najeriya 50 ne. N yawan zagayen waya. B ƙarfin maganaɗisu a cikin ƙarfen, da gaus. A kuma faɗin ƙafar tsakiya ta ƙarfen da ake naɗi a kai sau kaurinta, da murabba'in santimita. Gaus sau murabba'in santimita shi ne makswel, kuma makswel 1 da ke canzawa cikin daƙiƙa 1 a zagaye ɗaya abbolt 1 yake haifarwa. Ita kuma 4.44 ta fito ne daga 2π a raba da tushen 2, don amsar ta zo da irin bolt ɗin da mita ke karantawa a wutar gida, ba ƙololuwarsa ba. Wutar 230 ƙololuwarta tana kai 325, don haka in za ka juya wutar gida zuwa istatbolt don lissafin tartsatsi, da 325 za ka yi.

A ce ƙafar ƙarfen santimita 3.2 ce a faɗi, an jera faranti har kaurin 3.5. Ninka, 11.2. Tsakanin farantan akwai fenti da 'yar iska, sai a ɗauki kashi 90 cikin 100, ya zama 10. A ɗauki B a gaus 10,000, wanda ƙarfen taransifoma ke ɗauka ba tare da wahala ba. Zagaye ɗaya zai ba da 4.44 × 50 × 10,000 × 10 = abbolt 22,200,000. Sa masa 10⁻⁸, ya zama bolt 0.222. Bolt 230 a raba da 0.222, zagaye 1,036. Gefen bolt 12 kuma zagaye 54, a ƙara biyu ko uku saboda abin da zai zube idan an ɗora kaya.

Da SI: tesla 1, faɗi 0.001 na murabba'in mita, 4.44 × 50 × 1 × 0.001 = 0.222. Ba 10⁻⁸, domin ta narke cikin canjin: 10⁻⁴ daga gaus zuwa tesla, wata 10⁻⁴ daga murabba'in santimita zuwa na mita. Wanda ya sa tesla da mita sannan ya bar 10⁻⁸ ya yi canji sau biyu.

Masu naɗi da yawa ba sa bin wannan doguwar hanya, gajerarta suka gada: raba 45 da A, wato faɗin ƙarfe sau kaurinsa, ka sami zagaye nawa ne kowane bolt. Wannan 45 ba daga sama ta faɗo ba, miliyan 100 ce a raba da 4.44 × 50 × 10,000. Wasu kuma 7 suka gada, don maigidansu da inci yake awo, kuma murabba'in inci 1 murabba'in santimita 6.45 ne, 45 a raba da 6.45 kuwa 7 ne. Littattafan da ke awo da inci sukan ba da B da layuka a murabba'in inci, inda 64,500 ke daidai da gaus 10,000.

A kan wannan na ga aiki ya lalace da idona. Wani yaro da ya fara koyo a wani shagon kafin ya dawo wurin kawu, da 7 ya zo a kansa. Aka ba shi ƙaramar taransifoma, ya auna ƙarfen da gefen santimita na rula, ya sami 10, ya raba 7 da 10, ya naɗa zagaye 161 a inda ake bukatar sama da 1,000. Ya ji daɗin yadda aikin ya ƙare da wuri, bai ma tsaya sa ƙwan gwaji ba, ya cusa a soket. Ƙarfen ya yi wani gurnani, fiyus ya tashi, warin ƙonannen fenti ya cika shagon. Da wannan zagaye ana neman ƙarfen ya ɗauki sama da tesla 6, alhali kusan 2 ne iyakarsa, daga nan sai wuta ta kwarara kamar an haɗa waya da waya. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ɗauko rular ya juya masa gefen inci, ya ce, "Bakwai ɗinka ta nan gefen ce, yaro. Ta wancan gefen arba'in da biyar ce. Kuma daga yau ba ka sa sabon naɗi a wuta sai da ƙwai a tsakani." Ƙwan da yake nufi fitila ce mai wat 100 da ake haɗawa a jere da naɗin: in ta yi ja-ja kaɗan aiki lafiya, in ta haska fes akwai matsala, kuma ita za ta tare wutar kafin waya ta ƙone.

A kula da 50 ɗin nan ma. Kayan tokumbo na Amurka da littattafansu na wuta mai kaɗawa 60 ne, lambarsu 37.5 ce a madadin 45. Wanda ya kwafi teburinsu ya naɗa wa wutar Legas, ya ƙara wa ƙarfen nauyin kashi 20 cikin 100, taransifomar za ta riƙa zafi ko ba a ɗora mata kaya ba.

Bolt ɗin da ba bolt ɗinmu ba

Saura tarko ɗaya, ga mai karanta takardun da aka rubuta kafin 1948. Za ka ga an rubuta bolt, amma ana nufin wanda ake kira bolt na ƙasa da ƙasa. Da yake auna bolt daga tushe yana da wuya a wancan zamani, taron Shikago na 1893 ya jingina shi da wani batirin gwaji, na Clark, wanda aka ce yana ba da 1.434 a zafin digiri 15. Daga baya aka koma batirin Weston, mai 1.0183 a digiri 20. Da awo ya ƙara kyau sai aka ga wannan bolt ya ɗara na ainihi kaɗan, kuma daga farkon 1948 aka bar shi.

Canjinsa: ninka da 1.00034. Batirin Weston mai 1.0183 a tsohon awo ya zama 1.0186 a namu. A kan bolt 230 bambancin bai kai 0.08 ba, don haka mai naɗin kwayil ba ruwansa da shi. Mai kwatanta tsohon sakamakon gwaji da na yau ne zai bukace shi.

A yau ba batir ake dogara da shi ba, da wani al'amari ne da Brian Josephson ya hango a 1962, wanda ke ɗaure bolt da yawan kaɗawa. Daga 1990 aka yi aiki da gigahaz 483,597.9 a kowane bolt, gigahaz 1 kuwa kaɗawa biliyan ɗaya ce a daƙiƙa. A ranar 20 ga Mayu 2019 aka sake fasalin SI, aka tsayar da cajin elektaron a 1.602176634 × 10⁻¹⁹ na kulom, sai bolt ɗin ɗakunan awo ya gusa da kamar ɗaya cikin miliyan 10. Idan takardar shaidar na'urar awo ta faɗo tsakanin 1990 da 2019 kuma aikinka yana bukatar lamba bakwai bayan ɗigo, ninka abin da ke jikinta da 1.000000107.